Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu unguwanni, limamai da 'yan kwamitin unguwa na Kaduna, kan yaranmu masu shan ais

Assalamu alaikum iyayenmu masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku ya ƙara lafiya. Yayyena da ƙannena 'yan kwamiti masu kwana a waje don mu samu mu yi barci, sannunku da ƙoƙari, Allah ya biya ku.

Ni ɗanku ne, famasis, ina da ɗan kemis a nan cikin gari, kuma duk sanda aka kira taron unguwa kan shaye-shaye ina zuwa in zauna daga baya in saurara. Akwai wata magana da kusan kowane taro sai an faɗe ta, daga Rigasa har Badarawa iri ɗaya ce: mun kama shi, mun aske shi, an kai shi an killace wata uku, ya dawo ya yi ƙiba har yana bin jam'i, ba a rufa sati biyu ba ya koma ruwa, toh wannan kam ba mai shiryuwa ba ne. Sai kowa ya girgiza kai a wuce zuwa maganar kuɗin sintiri. Wannan maganar ce ta hana ni sakat, sabida masu binciken ƙwaƙwalwa sun kwashe shekara sama da arba'in suna bin diddigin wannan komawar, kuma abin da suka gano ya nuna yadda muke tsara killacewar ma shi ke share wa komawar hanya. Ba raina ƙoƙarinku na zo yi ba, wallahi na san wasunku daga aljihunsu suke sayen batirin tocila. Na rubuto muku ne don hannunku yaron yake fara faɗawa, kafin likita, kafin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi NDLEA, wani lokacin ma kafin ubansa ya sani.

Bari in fara ware abin da nake magana a kai, don mu a taro komai ƙwaya muke ce masa. Kodin da roci da su diyazifam masu kwantar da jiki ne, tramol ma duk da leburori da 'yan acaɓa don ƙarfi suke sha, asalinsa dangin su kodin ne. Waɗanda nake nufi su ne masu tayar da mutum tsaye, ais wato metamfetamin, wannan mai kama da ɓarɓashin gilashi da ake ƙonawa a zuƙi hayaƙin, da hodar iblis, da kaftagon, wata ƙwayar haɗiya. Ais da kaftagon duk dangin wani sinadari ne mai suna amfetamin. A da labarin ais daga nesa muke ji. A 2011 NDLEA ta fara gano wurin dafa ta a Legas, a Maris 2016 kuma aka kama wani katafare a Asaba harda 'yan ƙasar Meziko a ciki, kenan ba shigo da ita kawai ake ba, a gida ake dafawa, abin da ake dafawa a gida kuwa dole ya yi araha ya hau mota ya sauka a Kawo. Kaftagon ma a 2021 an kama sama da ƙwaya dubu 400 a tashar jirgin ruwa ta Apapa. Babban binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, mu nan Arewa maso Yamma muna da kusan miliyan 3 a ciki. A lokacin masu shan dangin amfetamin dubu 238 ne a lissafinsu, ba komai ba ne kusa da wiwi mai miliyan 10.6, amma duk mai zama a kanta irin tawa ya san daga 2018 zuwa yau fuskokin da ke shigowa sun canza.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake ce wa dofamin. Allah da aiki ya halicce shi, shi ke sa ka tashi ka nemi abinci, ka nemi aure, ka yi sammakon Kasuwar Barci, duk abin da ya amfane ka sai ya ɗan ƙaru a wani ƙaramin gurbi can cikin ƙwaƙwalwa don ka riƙe abin, ka tuna inda ka same shi, ka koma. A 1954 James Olds da Peter Milner a jami'ar McGill ta Kanada suka sa siririyar waya a wannan yankin a kan ɓera, suka ba shi wani ɗan madanni da in ya danna lantarki kaɗan zai taɓa wurin, ɓeran ya dinga dannawa sau dubbai a awa guda. A 1988 kuma Di Chiara da Imperato a Italiya suka auna dofamin ɗin kai tsaye a kan ɓeraye suna raye suna yawonsu, suka ga kusan duk abin da ɗan Adam ke maye da shi yana ɗaga shi a wannan gurbin, amfetamin ta fi kowa, har wajen ninki goma. Abinci mai daɗi fa ƙarin da yake yi bai wuce kaman rabi ba. Hodar iblis toshe hanyar da ake kwashe dofamin bayan ya gama aiki take yi sai ya taru, ita kuwa ais shiga take cikin jijiyar ta juya hanyar baya ta dinga amayo shi waje, sannan hodar iblis cikin kaman awa ɗaya rabinta ya bar jini, ais sai ta kai awa goma zuwa sha biyu. Shi ya sa za ku ga yaro ya kwana uku ido biyu.

Wannan kusan kowa ya taɓa jin irinsa a rediyo. Inda nake so ku ba ni aron hankalinku shi ne nan gaba.

Mun san sabo, yau kaɗan ta ishe shi, wata mai zuwa sai ya ninka kafin ya ji wani abu, don haka kowa ya ɗauka ƙwaƙwalwa dakushewa kawai take yi. Amma da aka dinga ba ɓeraye amfetamin a rarrabe, a ba su yau a ɗaga musu ƙafa a sake ba su, sai aka ga akasin haka a wani ɓangaren, awon da ake ba su ɗaya ne amma zaburar da yake sa su kullum ƙaruwa take, dofamin ɗin da ke fita ma haka. A ɗakin gwajin Terry Robinson a jami'ar Michigan ta Amurka aka daina ba su gaba ɗaya aka ƙyale su, bayan shekara guda cur aka sake ba su, sai ga wannan ƙarin zaburar tana nan daram. An buga wannan a 1991. Ɓera kuwa duka rayuwarsa shekara biyu zuwa uku ce, ku lissafa da kanku. A 1997 Robinson ɗin da Bryan Kolb suka duba ƙwaƙwalwar irin waɗannan ɓerayen a madubin likita, sama da wata guda bayan allurar ƙarshe, suka tarar rassan jijiyoyin wannan gurbin sun ƙara tsawo, mahaɗansu sun ƙara yawa. Kenan ba sauran ƙwaya ce ta maƙale a jini ba balle a ce a yi ƙarin ruwa a wanke, ƙirar wurin ce ta canza.

Mu mun san fami. Miki ya rufe, fata ta hau, mai shi har ya manta, ran da wani ya ɗan taka shi a sahu sai ka ga babban mutum ya durƙushe, takawar da lafiyayyar ƙafa ko ji ba za ta yi ba. Toh haka ƙwaƙwalwar yaron nan take bayan ya daina, daga waje ta rufe, amma abu kaɗan ke tayar da ita.

Na san wani zai ce ai ɓera ne wannan. A 2006 a McGill ɗin nan dai, Isabelle Boileau da abokan aikinta suka ɗauki lafiyayyun maza goma da ba mashaya ba, suka ba su amfetamin kaɗan sau uku cikin kwana biyar suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, bayan sati biyu aka sake ba su daidai wancan awon sai dofamin ɗin da ya fita ya fi na farko, bayan shekara guda waɗanda suka dawo aka sake gwadawa abin yana nan. Ba wai sun zama mashaya ba, a'a, amma ƙwaƙwalwar ta riƙe. Sau uku fa. Allah gafarta malamai, wannan ne nake so ya shiga huɗuba, sabida yawancin yaran nan ba da niyyar lalacewa suka fara ba, tela ne da ɗinkin sallah ya sha masa kai, ɗalibi ne da jarabawa, direba ne mai kwana a hanyar Legas, wani ya ce masa gwada wannan na yau kawai.

A 1993 Robinson da Kent Berridge suka fito da bayanin da ni a ganina ya fi kowane kama da abin da muke gani a layi. Berridge ya riga ya gwada ɓerayen da aka ƙarar musu da dofamin, in ka ɗiga musu ruwan suga a harshe suna lasar baki kaman kowane ɓera, daɗin yana nan, amma ba za su taka su je ga abinci ba ko yana gabansu, sai dai a ɗura musu. Daga nan suka ce ashe jin daɗin abu daban, jan da abin ke yi maka daban, kuma dofamin na jan ne. Abin da ƙwaya ke hauhawa da shi jan ne, daɗin kuwa raguwa yake. Sau da yawa yaro zai zauna a bencin kantina ya ce wallahi Yaya ni yanzu ko daɗinta ba na ji, ni kaina haushin kaina nake ji, kawai ganina nake a can. In ya faɗi haka a gaban kwamiti sai a ce ƙarya yake, rainin hankali ne, in ba daɗi me ke kai ka. Gaskiya yake faɗa. Hotunan da Nora Volkow, wadda ta zama shugabar cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka a 2003, ta ɗauka na waɗanda suka daɗe suna sha sun nuna wuraren da ke karɓar dofamin sun ragu, shi ya sa tuwon gida da hira da kallon ƙwallo duk sun zame masa salam. Masana na jayayya kan wanne ya fi nauyi, dakushewar ko saurin kamawar, amma mu da ke ganin yaran mun san duka biyun a jikin mutum ɗaya suke, komai ya fita a ransa sai abu guda, shi kuma wannan gudan ko inuwarsa ya gani jikinsa ya ɗauka.

Kuma ba sai ya ga ƙwayar ba. Ƙwaƙwalwar ta haɗe ta da duk abin da ke kewaye da ita lokacin sha, kangon, lungun, ƙarar laita, ɗan bututun gilashin, hon ɗin mashin ɗin abokin, har lokacin da aka saba haɗuwa bayan isha'i. Ko a ɓeraye, zaburar ta fi fitowa in an mayar da su kejin da aka saba ba su a ciki. A 1999 Anna Rose Childress a Amurka ta nuna wa masu shan hodar iblis bidiyon wasu suna sha kawai, sassan sha'awa na ƙwaƙwalwarsu suka tashi. Akwai wani yaro mai koyon walda a Panteka da kawunsa ya ɗauke ya kai ƙauye wajen Soba, ya yi damina guda yana noma, ya dawo fes, uwar har sadakar waina ta yi. Washegari ta aike shi sayen gawayi, hanyar kuwa ta bakin kangon da suka saba zama ce. Da bakinsa ya faɗa mini, ya ce tun kafin ya ƙarasa, daga hango ƙyauren langa-langan nan tafin hannunsa ya jiƙe, cikinsa ya murɗa kaman zai yi gudawa, ɗanɗanon hayaƙin ya cika masa baki alhali ba kowa a wurin. Ranar ya daure ya wuce. Gawayi kuwa kullum ake saye.

Sai kuma abin da ya fi tayar mini da hankali. Mu a tunaninmu kwaɗayin kullum raguwa yake daga ranar da aka daina. A 2001 Jeffrey Grimm da Yavin Shaham da abokansu suka nuna a ɓerayen da aka yaye daga hodar iblis cewa neman da suke yi in sun ga alamar da suka saba ƙaruwa yake da tafiyar kwanaki, na kwana sittin ya fi na kwana ɗaya nesa ba kusa ba. A 2013 wani bincike a China kan mutane masu shan ais ya ga irin haka, kwaɗayin da ganin alama ke tayarwa yana hawa har zuwa wata uku da dainawa, sai wajen wata shida zuwa shekara yake sauka. Wata uku, ranku ya daɗe. Daidai lokacin da muke buɗe ƙofa mu ce ya warke, mu mayar da shi ɗakinsa na da, layinsa na da, da wayarsa mai lambobin da, ba aiki ba jari, sannan mu zauna muna jiran mu ga ko ɗan halak ne.

Yanzu maganar bulala, kuma ku yi haƙuri da ni. A 1980 Seymour Antelman a Pittsburgh ya nuna cewa in ka dinga takura wa ɓera, ana matse masa wutsiya akai akai, ƙwaƙwalwarsa na zama mai saurin kamawa ga amfetamin ko da bai taɓa sha ba, haka in ya saba da amfetamin takura kaɗan ke zabura shi, hanya ɗaya suke bi. A 1996 a Montreal aka nuna ɓeran da ya daina neman hodar iblis in aka ɗan jona masa lantarki a ƙafa nan take yake komawa nema. Toh ku duba abin da muke yi, duka a bainar jama'a, aski da kwalba, a rataya masa kwali a ɗauki bidiyo a sa a Facebook da TikTok inda ba ya goguwa, ƙanwarsa ta gani a makaranta, wadda yake nema da aure ta gani. Duk wannan firgici da wulaƙancin kan wannan jijiyar da ta riga ta yi laushi yake sauka. Ba mu manta Satumba 2019 ba, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya, bayan nan aka sake buɗe wasu a nan Kaduna da Zariya da Daura. Iyaye da hannunsu suka kai da yawansu, suna biyan kuɗi, kuma ba na zaginsu, uwar da ɗanta ya sayar da keken ɗinkinta ya zare mata wuƙa duk inda aka ce mata akwai sauƙi za ta je. Amma mari ƙafa yake riƙewa. Malamai kun fi ni sani, a Bukhari akwai sahabin da aka kawo kan shan giya, bayan an yi masa hukunci wani ya yi masa mugun baki, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya ce kada su zama mataimakan shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Hukunci akwai masu shi, ba kowa da gora a hannu ba.

Akwai kuma waɗanda abin ya taɓa wa hankali. Wata baiwar Allah ta shigo kantina da daddare tana neman maganin barci mai ƙarfi, na ce na wa, sai ta fashe da kuka, ɗanta ne ya kwana huɗu bai runtsa ba, ya kwance fanka da rediyo ya jera sukurorin a tabarma yana ƙirgawa yana sakewa, ya ɓare fatar hannunsa da farce wai ƙwari na yawo a ciki, ya liƙe taga da jarida wai maƙwabta sun sa masa kyamara a silin, an yi hayaƙi an yi tofi ana cewa mutanen ɓoye ne. Ban ba ta maganin ba, na ce su kama hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Wannan ciwon Japan ta san shi tun kafin a haife mu. Su suka fara haɗa metamfetamin, Nagai Nagayoshi a 1893, a yaƙin duniya na biyu aka rarraba wa sojoji da ma'aikata, bayan 1945 ragowar ta malalo kasuwa, sai da suka yi doka a 1951, a 1954 kaɗai aka kama sama da mutum dubu 55. Likitocinsu, irin su Mitsumoto Sato a 1983, sun rubuta cewa wanda ya taɓa zarewa sabida ita, ko ya daɗe da dainawa ya koma daidai, in ya sake shan ɗan kaɗan da bai kai na da ba zargin da jiye-jiyen muryoyin na dawowa cikin gaggawa, wasu ma ba su sha ba, tashin hankali kawai ya dawo musu da shi. Ba na hana addu'a, ni ma ita nake yi, a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti. Kuma dan Allah mai irin wannan halin kada a taru a kansa da sanduna, shi a ransa kashe shi aka zo yi, nan ne ake samun gawa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa yaro ba shi da laifi ko kuma shikenan ya gama yawo. Yana da zaɓi, sai dai zaɓin ya yi masa nauyin da ni da ku ba mu ɗauka ba. Kuma ƙwaƙwalwa na farfaɗowa, a 2001 Volkow ta sake ɗaukar hoton wasu masu shan ais bayan sun yi wata 12 zuwa 17 ba su sha ba, hanyoyin kwashe dofamin da suka ragu sun dawo sosai, duk da cewa ƙarfin tuna abu bai dawo da wannan saurin ba. Lissafin shekara ake yi da ɗoriya, ba na wata uku ba.

A matsayina na mai sayar da magani ina gaya muku, har yau ba wata ƙwaya ko allura da aka amince tana raba mutum da ais ko hodar iblis. Wanda ya fi kusa shi ne gwajin da aka buga a Amurka a 2021 na haɗa wa masu shan ais wasu magunguna biyu, naltrekson da bufrofiyon, kashi 13.6 cikin ɗari suka samu sauƙi, a waɗanda ba a ba maganin gaske ba kashi 2.5, ci gaba ne amma ku ga ƙanƙantarsa. Don haka duk mai mota da lasifika ko mai talla a waya da ya ce yana da jiƙon da ke cire shaye-shaye cikin sati guda, kuɗin marayu da zawarawa yake ci, ku hana shi tsayawa a ƙofar masallaci. Abin da bincike ya fi tabbatarwa wani tsari ne mai sauƙi da Stephen Higgins ya fara a Vermont a farkon shekarun 1990, a dinga gwada fitsarin mutum sau biyu ko uku a sati tunda ais kwana biyu zuwa huɗu take nunawa, duk ran da ya fito fes a ba shi ɗan tukuici nan take, in ya jera tukuicin ya ƙaru, in ya faɗi a koma farko ba zagi ba duka. Wasu za su ce yanzu sai mun biya yaro don ya bar haram, toh asibitocin tsofaffin sojojin Amurka tun 2011 suke yin haka don ya fi sauran aiki, kuma dalilin a fili yake, ƙwaƙwalwar da ta saba da sakamako na yanzu-yanzu ba ta jin alkawarin shekara mai zuwa, sai an fara ba ta na kusa. Kuɗin da iyaye ke zubawa a gidan mari na wata uku ya isa ya sayi abin gwajin da katin waya da mudun shinkafa na tsawon lokaci.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin gwamnati. In yaro ya dawo daga asibiti ko daga ƙauye, ranar aikin kwamiti ya fara. A haɗa shi da mutum ɗaya da yake jin nauyi, ba wanda ya taɓa dukansa ba, wanda zai iya kira ƙarfe biyun dare ya ce Baba abin ya taso, ya san ba za a tona shi ba. A canza masa layin waya, in da hali a canza masa ɗaki ko ya koma gidan yayarsa a wata unguwa na wani lokaci, a daina aikensa ta hanyar da aka san ta, kangon nan kuma mai unguwa ya nemi mai shi ya toshe ko ya gina. A nema masa abin yi da zai gajiyar da shi ya kuma ba shi na kashewa kullum, tun da masaƙun Kakuri suka rufe, KTL a 2002 UNTL a 2007, mun san zaman banza nawa ke cikin garin nan, amma kowane layi akwai kafinta da makanike da mai gidan burodi da za su karɓi mutum ɗaya in mai unguwa ne ya kawo shi da kansa. In ya zame ya sha sau ɗaya kada a ce an gama, a mayar da shi wurin likita a satin. Masu sayarwa kuwa ku haɗa su da NDLEA, a nan ne zafinku ke da amfani. Kuma a tuna da mata, binciken 2018 ya ce cikin kowane mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, su a ɗaki suke sha, ba mai kawo su taro, sai an sa matan unguwa da malaman islamiyya mata a ciki. Maƙwabtanmu na Sabon Tasha da Television da fastocinsu su ma ciwon ɗaya ne, dila ba ya tambayar addini, ya kamata kwamitoci su dinga jin juna.

Sannan ku ne 'yan siyasa ke zuwa gaishewa. In sun zo ku tambaye su gado nawa aka ƙara na masu shaye-shaye a jihar nan, ku tambaye su ina aka kwana kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairu 2023 wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan gaba ɗaya ba su kai 300 ba, dole a koya wa nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitocin unguwa wannan aikin. Ku kuma lura duk sunayen da na lissafo daga Kanada da Amurka da Italiya da Japan da China suke, alhali muna da ABU da asibitin Shika, muna da KASU da Barau Dikko, muna da Barnawa, ga yaranmu kuma haɗa ais suke da tramol da wiwi da roci a dare ɗaya, haɗin da ya cancanci namu masanan su zauna a kansa da kuɗin bincike a hannu, su bi yaran da aka sallama shekara guda ko biyu su ga wa ya tsaya, wa ya koma, me ya bambanta su.

A taro na gaba ina roƙon a gayyato likita ko nas ɗaya daga Barnawa a ba shi awa guda, a bar iyaye mata su shigo su yi tambaya da bakinsu, a kuma bar ɗaya daga cikin yaran da suka yi shekara ba su sha ba ya yi magana in ya yarda. Kuɗin motar baƙon da ruwan sha ni zan ɗauka.

Wassalam.

Ɗanku,
wani famasis a cikin garin Kaduna